Warin da Aka Ɗora wa Baba Fes

Duk wanda ya san Baba Fes ya san ba a banza sunan ya bi shi ba. Ubansa mai wanki da guga ne, cikin kumfar sabulu da tururin dutsen guga ya tashi, kuma tun yana ƙarami ake dungure masa kai in ya zo cin abinci da datti a farce. Da ya yi wayo bai gaji sana'ar gidansu ba, amma bai yi nisa da ita ba. Wankin mota ya fara a bakin titi, da bokiti da tsumma. Daga nan wani mai tasi ya koya masa tuƙi, ya yi shekaru yana jan tasi, har Allah ya haɗa shi da aikin direba a gidan wani ɗan kasuwa. A gidan nan furfura ta same shi. Yaran da ya riƙa kaiwa makaranta suna kuka a kujerar baya duk sun girma, wasu har sun yi nasu iyalin.

Ba ya fita sai da farin hankici biyu, ɗaya na gumi, ɗaya na sitiyari. A but ɗin mota akwai rigarsa ta canji, a goge, a ninke cikin leda. Yana da wani tsohon buroshin haƙori da yake bin lungunan gaban mota da shi, yana zaƙulo ƙurar da ba mai ganinta sai shi. Ko gyaɗa bai taɓa ci a cikin mota ba. Sauran direbobi, in ana jiran iyayen gida a gindin bishiya, sukan kwantar da kujera, su tuɓe takalmi, su ɗora ƙafa a taga. Shi kuwa sai ya fito ya buɗe 'yar kujerarsa mai naɗewa ya zauna, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Su suka raɗa masa sunan don tsiya.

"Baba Fes, kai in ka mutu ai ba sai an wahala da yi maka wanka ba," in ji su.

"Ku dai ku ji da naku," yakan ce. "Naku sai an jiƙa ku tun da safe."

Bai tara abin duniya ba. Gidan haya yake, ɗaki da falo, shi da matarsa da ke ɗinki a bakin ƙofa. Abin da ya tara kaf a rayuwarsa shi ne wannan suna, cewa mutum ne mai tsafta, kuma yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da gidajensu. Wannan sunan ne aka ƙwace masa da rana tsaka, a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Daga tayil abin ya faro. Uwargida ta sa an shimfiɗa sabon tayil a farfajiyar gida, fari ƙal mai sheƙi, har ƙarƙashin rumfar da ake ajiye motarta. Ita kuwa mota mai na'urar sanyi, wato esi, in ta yi tafiya ta tsaya sai ta ɗiga ruwa a ƙasa. Gumin na'urar ne, akwai ɗan tiyon roba da aka yi musamman don ya fita ta nan. Da can ƙasa ce a wurin, tana shanye abinta ba wanda ya kula. Yanzu kuwa kullum sai ga ɗan ruwa kwance a kan farin tayil, ƙura ta hau, ya bushe ya bar zane.

"Baba, motar nan fa fitsari take mini a tsakar gida," in ji Uwargida.

"Ranki ya daɗe, ruwan esi ne, haka suke dukansu. Zan riƙa gogewa."

Ya riƙa gogewa ɗin. Har wani tsohon faranti ya samo yana turawa ƙarƙashin motar. Uwargida ta ce ita ba gidan kiwon kaji ta buɗe ba da za a riƙa jera mata faranti a tsakar gida.

Ranar hutun Baba Fes, mai gyaran famfo ya zo duba wurin wanke-wanke a kicin. Da ya gama, Uwargida ta ce ko zai leƙa mata wata ɗigar a waje. Mai famfo mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da ɗigar ruwa. A wurinsa duk abin da ke ɗiga lalacewa ya yi, ko tulu ne ko jirgin sama. Bai ce wannan ba fanninsa ba ne, ina, ai ba a san shi da haka ba. Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota, ya lalubo ɗan tiyon, ya cusa masa toshi irin na famfo, ya shafe da gam, ya naɗe da baƙin salatif. Ya fito yana karkaɗe riga yana cewa ko shekara goma za a yi ba za ta sake ɗiga ba. Uwargida ta yi ta sa masa albarka.

Ba wanda ya ga ya dace a gaya wa direban motar. Washegari Baba Fes ya ga tayil a bushe, ya ɗauka sauƙin zafin da aka samu ne ya rage wa na'urar gumi, ya ɗauke farantinsa ya ajiye. In akwai laifinsa a duk wannan magana, to iyakarsa ke nan.

Ruwan da aka hana hanya bai ɓace ba. Ya kwanta a cikin na'urar, da ta cika ya riƙa tsiyaya a ɓoye zuwa ƙarƙashin kafet, cikin soson da hannu ba ya kaiwa. Daga sama kuwa tabarmin roba a bushe ƙayau. Ba a jima ba, da an kunna esi sai iskar farko ta fito da wani wari irin na safar da aka jiƙa aka manta a bokiti.

Baba Fes ne ya fara ji, kuma shi ya fi kowa tashin hankali. Ya fitar da tabarmi ya wanke ya shanya. Ya leƙa ƙarƙashin kujeru da tocila yana neman mushen ɓera. Ya kwashe but kaf, ya bi ramukan iska da buroshinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya rataya turaren mota a madubi, turaren ya haɗu da warin suka haifi wani abu da ya fi su muni. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya sami Uwargida ya ce a kai ta wurin masu gyara.

"Sabuwar mota, Baba? Me za ta yi a gareji? Su taɓa nan su taɓa can su lalata mini ita? Ka dai wanke ta da kyau."

Ka ji fa, wai Baba Fes ake cewa ya wanke mota da kyau. Ya haɗiye, ya ce to ko a riƙa sauke gilashi iska na shiga. Ta ce ƙura fa, da masu leƙe a mahaɗar titi?

Ita esin mota daga gaba take hurowa. Iskar takan bi ta kafaɗar direba kafin ta isa ga na baya. Wannan kaɗai ya isa hujja ga wata ƙawar Uwargida, mai yawan zobba da yawan sanin komai, ranar da aka ɗauko ta za su gaisuwar rashin lafiya. Tana shiga ta yamutsa fuska. Uwargida ta ce ai ita ma abin ya ishe ta, motar nan ta rasa me ke damunta. Ƙawar ta matso, ta yi irin raɗar nan da ake yi don a ji.

"Ƙawata, ba motar ba ce fa." Ta nuna ƙeyar direba da leɓe. "Tsufa ne. Haka namu ya yi, sai da muka sallame shi. Su ba sa ji a jikinsu."

Baba Fes ya ga leɓen a madubi. Ya jira Uwargida ta ce haba, Baba Fes ne fa, mutumin da ya fi ƙarfin shekara ashirin a gidan nan ba a taɓa ganin ɗigon miya a rigarsa ba. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Gefen mayafinta ta ja ta rufe hanci. Shi kuwa bai saki sitiyari ba, bai kuma faɗa rami ko ɗaya ba har suka isa.

Bayan kwana biyu kuku ya ƙwala masa kira ta ƙofar bayan kicin, inda maigadi da mai shara ke zaune suna cin abincin rana. Ya miƙo masa wata jakar takarda mai kyau, ya ce Uwargida ta ce tsaraba ce. Kuku mutum ne mai son a yi dariya ko da mutuncin wani za a yi ta, don haka bai bari jakar ta tafi a rufe ba. Ya riƙa zaro kayan ɗaya-ɗaya yana jerawa a kan benci: sabulun kashe ƙwayoyin cuta, turaren hammata, hodar ƙafa, safa sababbi.

"Baba, an gwangwaje ka. Mu ko allura ba mu samu ba."

Maigadi ya ƙyalƙyale har ya ƙware. Maigadin da hular da ke kansa rabonta da ruwa tun ranar da aka saye ta, shi ne yau yake riƙe ciki yana yi wa Baba Fes dariyar ƙazanta. Baba Fes ya mayar da kayan cikin jaka a hankali, ya ce a yi wa Uwargida godiya. Abin da ya fi ci masa rai daga baya shi ne wannan godiyar.

Da ya koma gida bai ko zauna ba, banɗaki ya zarce. Ya fito, ya sa kaya, ya ɗan zauna, ya sake ɗaukar bokiti. Matarsa ta tsayar da keken ɗinki. Mace ce da bakinta ya fi almakashinta kaifi, kuma shekarun da suka yi tare sun sa ko tafiyarsa ta ji ta san da magana.

"Baban yara, cikin kwata ka faɗa ne?"

Ya ajiye mata jakar a kan keke, ya gaya mata duk yadda aka yi. Sannan ya tsaya a gabanta, hannuwa a sake.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ina wari?"

Ta tashi ta shinshina wuyan rigarsa, ta ɗaga hannunsa ta shinshina, ba kunya ba komai.

"Ƙamshin sabulu kake, kamar kullum, har ya ishe ni."

"Ke kin saba da ni."

"Na saba? Ni da in maƙwabta sun ƙona miya nake riga su sani? Wallahi da kana wari da tuni na kai ka bakin famfo da kaina. Ina mayafina? Yau sai matar nan ta gaya mini a wane hancin ta ji. Mutumin da ya goya mata 'ya'ya, suna masa amai a mota yana wankewa bai taɓa yamutsa fuska ba, shi za a aika wa hodar ƙafa ta hannun kuku?"

"Ba inda za ki. Wurin cin abincina ne."

"Wurin cin mutuncinka dai!"

Ya rantse mata in ta taka gidan nan ransa zai ɓaci. Ta koma kan keke tana taka shi da ƙarfi har allura ta karye.

Da cin fuskar ya tsaya a nan, da da sauƙi. Mugun abin shi ne maganar ƙawar nan ta shige masa ciki ta zauna, wai su ba sa ji a jikinsu. To in haka ne, ta yaya mutum zai san gaskiyar kansa? Ya wanke motar nan ciki da bai, bai ga komai ba. Abin da ya rage a cikinta kullum shi ne shi. Sai ya fara yarda. Ya je kyamis ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iya tambaya ko akwai ciwon da ke sa tsoho wari. Ya daina cin albasa da tafarnuwa. Ya riƙa dirzar jikinsa da soso har fatar hammatarsa ta tsage, turaren da aka ba shi ya riƙa shiga yana masa raɗaɗi. A gindin bishiyar direbobi ya janye kujerarsa can gefe. In ya shiga motar haya za shi gida, sai ya manne a jikin taga, hannuwa a matse.

A gidan aiki kuwa abin gaba ya yi ta yi. Aka shimfiɗa leda a kujerar direba. Aka ce in ana jira kada ya zauna a ciki, shi da bai taɓa zama ba. Ya tari Maigida wata safiya yana fitowa, waya a kunne, ya ce yana da magana. Maigida ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Baba, harkar motar Hajiya ce, ku daidaita tsakaninku."

Ya shige tasa motar, wadda shi yake tuƙa abarsa, maigadi ya buɗe masa get.

Ƙarshenta aka ce an duba an ga shekarunsa sun ja, za a rage masa wahala. Aka ɗauko sabon direba, mai sheƙa turare tun daga bakin titi, aka miƙa wa Baba Fes makullin tsohuwar a-kori-kurar gidan. Aikinsa ya koma ɗauko tukunyar gas, da buhunan cefane, da kai shara juji. Mutumin da ya fi kowa ƙyamar datti a gidan, shi aka ga ya dace da shara. Duk da haka da farar riga yake zuwa.

A ransa ya ɗan ji sanyi, don yanzu gaskiya za ta fito. In ya bar motar warin bai bar ta ba, ai magana ta ƙare. Ya zuba ido. Warin kuwa bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Baba Fes ya fara jiran a kira shi. Kuku ne ya kawo masa hukuncin, yana feraye dankali.

"Uwargida ta ce abin ya kama kujera. Wai ya shige cikin soso, sai an canza rigar kujerun gaba ɗaya."

Haka aka yi. Aka cire rigunan kujerun da ya shekara yana gogewa da hankici, aka cusa a buhu, aka jefa a bayan a-kori-kura. Shi ya kai su juji da hannunsa. Ranar ko abinci bai iya ci ba. Matarsa ta zauna a gabansa da kwano tana zagin Uwargida da ƙawarta da kuku har da maigadi da hularsa, shi kuwa yana kallon bango.

Motar ce da kanta ta gaji. Wata rana sabon direba ya sha kwana da ɗan gudu a shataletale, sai wani baƙin ruwa ya ɓulɓulo daga ƙarƙashin gaban mota ya wanke ƙafafun ƙanwar Uwargida da ke zaune a gaba da farin takalmi. Fankar esi ta yi wani gurnani ta mutu. Garejin dai da aka ce ba za ta ba, ranar ta je. Aka tura Baba Fes da a-kori-kura ya bi su don ya dawo da sabon direba.

Mai gyaran esi wani ƙato ne mai tsinken sakace a baki. Ya sa aka hau da motar kan rami, ya sauka da fitila. Can sai aka jiyo shi daga ƙasa.

"Kai! Wane mai hikimar ne ya yi wannan? Ku miƙo bokiti."

Ya yanke salatif, ya murɗe toshin da filaya. Ruwa ya tsuge, baƙi, mai yauƙi, wari ya cika garejin har masu gyaran taya na maƙwabta suka toshe hanci. Ya fito ya zaro matatar iska daga bayan akwatin gaban mota, ta yi baƙi ƙirin da funfuna. Ya ɗaga gefen kafet ya matsa soson da yatsa, ruwa ya fito. Ya ce sai an kwashe kafet ɗin an shanya a rana, a wanke cikin na'urar da magani, a sa sabuwar matata. Ya ƙara da cewa nan gaba, kafin a kashe mota, a riƙa kashe sanyin a bar fanka ta ɗan busar da cikinta.

Baba Fes ya matso.

"Malam, wannan zai iya sa mota wari?"

"Zai iya? Baba, ai ni mamaki nake da ba ku suma a ciki ba."

"Ba daga mutum ba ne ke nan?"

Mai gyara ya cire tsinken daga baki ya dube shi.

"Wane mutum?"

Baba Fes ya zauna a kan wata tsohuwar taya da farin wandonsa, bai ko shimfiɗa hankici ba. Idonsa ya kawo ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya roƙi a ba shi toshin, ya naɗe a hankici ya sa a aljihu.

A falo ya sami Uwargida, tana duba waya. Ya tsaya daga bakin kafet kamar yadda ya saba, ya warware hankicin, ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta leƙa toshin, sai ta tuntsire da dariya har da tafa hannu.

"Au! Aikin mai famfo ne! Kai, mutumin nan. Ashe shi ya ja mana duk wannan wahala. To shi ke nan, Baba, in motar ta dawo ka koma kanta. Dama sabon nan turarensa ciwon kai yake sa ni."

Ta koma kan wayarta. Shi kuwa bai motsa ba.

"Ranki ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema."

"Ina ji."

"A kira kuku da maigadi da mai shara. A faɗa a gabansu cewa ba ni ba ne."

Ta ɗago da mamaki, mamaki na gaske, wanda shi ya fi komai ciwo.

"Ba kai ba ne me?"

"Warin."

"Haba, Baba! Wa ya ce maka kana wari? Ni na taɓa faɗa? Ka taɓa ji a bakina?"

Ya laluba tun daga ranar ƙawar har zuwa yau, ya ga gaskiyarta, ba ta taɓa faɗa ba. Mayafi ta ja, tsaraba ta aika, leda ta sa aka shimfiɗa, wahala ta rage masa. An yi masa komai ba a ce masa komai ba, ga shi yanzu babu maganar da za a janye.

"Tsarabar fa, ranki ya daɗe?"

"Yanzu kyauta ma laifi ce? Kai dai tsufa ya fara sa ka saka abu a rai. Je ka huta."

Ya naɗe hankicinsa ya fita. A ƙofar kicin ya nuna wa kuku toshin. Kuku ya juya shi a hannu ya ce lallai, ikon Allah, ya mayar masa ya ci gaba da yanka albasa. Maigadi ya ce shi dama tun farko bai yarda ba. Kafin la'asar kowa ya manta, don ba a jikin kowa abin yake ba.

Baba Fes ya koma kan motar. Ta daina wari, ta koma ɗiga a kan tayil, aka sayo wata 'yar tabarma mai kyau aka shimfiɗa mata a ƙasa. Matarsa ta ce ya ajiye musu makullinsu, ɗinkinta zai riƙe su. Ya ce a shekarunsa wa zai ɗauke shi, kuma in ya tafi yanzu cewa za a yi korarsa aka yi saboda abin nan. Ta ce to ai an wanke shi, ya saki ransa. Ya ce ya saki.

Wata ranar hutu autarsu ta zo wuni da jaririyarta, wadda kakan bai gani ba tun tana 'yar kwanaki. Ta same shi a falo, ya yi wanka bai daɗe ba, farar riga a goge, gashin kansa ma bai gama bushewa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance goyo tana dariya.

"Baba, ga mutuniyarka. Karɓe ta ka ji yadda ta yi nauyi."

Ya miƙa hannu, fuskarsa ta washe. Yarinyar ta juyo da kai wajen ƙirjinsa, ta yamutsa ɗan hancinta kamar yadda jarirai ke yi ba dalili. Hannuwansa suka tsaya a iska. Ya janye su a hankali, ya matse a jikinsa, ya ja da baya.

"Bari in ɗan watsa ruwa tukuna."

"Baba, ai yanzu ka fito," in ji autar.

Keken ɗinki ya tsaya a bakin ƙofa. Matarsa ta miƙe, almakashi a hannu, muryarta ba ta taɓa yin ƙasa haka ba.

"Baban yara, karɓi jikarka."

"Yanzu zan fito," ya ce, bai dubi kowa ba.

Autar ta tsaya da yarinya a hannu tana kallon uwarta. Daga banɗaki suka jiyo ƙarar bokiti, sannan ƙarar soso.